Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsaro: A Gina Wa Masu Jinyar Sojojinmu Masauki

Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka, na rubuto ne da roƙo guda ɗaya. Ina roƙon ma'aikatarka ta sa a gina masaukin kyauta domin iyalan sojojin da ke kwance a asibiti, a fara da Asibitin 44 na Kaduna, a bi da asibitin Runduna ta 7 da ke barikin Maimalari a Maiduguri, sannan Asibitin 68 na Yaba a Legas. Gida nake nufi mai ɗakunan kwana da madafa da wurin wanki, wanda daga ƙofarsa zuwa bakin gadon marar lafiya tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Na rubuta a fili ne domin maganar ta wuce teburinka kai kaɗai. Da hafsoshin tsaro a ciki, da ƙungiyoyin matan sojoji, da attajiranmu, da mu da muke barci har da minshari saboda ɗan wani yana tsaye cikin raɓa a Damboa ko a dajin Zamfara.

Ni ɗan soja ne. Mahaifina da igiya uku ya ajiye kaki. A bariki na buɗe ido, don haka na san yadda layi yake yin tsit ranar da aka ce sigina ta iso daga bakin daga, kowace mace ta leƙo ƙofa tana kallon inda magajiya, shugabar matan bariki, za ta nufa. In labarin rasuwa ne, akwai tsarin da kowa ya sani: jana'iza, tuta, ta'aziyyar kwamanda, takardun magaji. In kuwa aka ce ya ji rauni, yana da rai, an wuce da shi Kaduna, sai a yi hamdala, mata su watse, a bar matarsa da tambayar da babu mai amsa mata: in na je, a ina zan sauka?

Ranka ya daɗe, duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar nan ya san cewa likita da nas ba su kaɗai suke tayar da marar lafiya ba. Mai jinya ne yake juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Shi yake goge masa jiki, ya kai shi bayan gida, ya zubar da tasa, ya wanke zannuwa, ya bi layin karɓar magani, ya fita neman mai ba da jini. Shi yake dama kunu da asuba, ya lallashe shi ya kurɓa ko cokali uku ne. Da tsakar dare in zazzaɓi ya tashi ko jini ya ɓalle, mai jinya ne yake rugawa ya taso ma'aikata. Ma'aikatan jinyarmu suna iya ƙoƙarinsu, amma sun yi kaɗan, kuma kullum wasu ficewa suke yi ƙasashen waje. Aikin da ya rage a kan dangi yake faɗawa. To, wannan mutum da asibiti ba ya tafiya sai da shi, shi ne wanda ba a yi wa tanadin wurin kwana ba. Ka zaga manyan asibitocinmu bayan sallar isha ka gani: tabarmi a baranda, kwalaye a gindin darbejiya, tsofaffi a harabar masallaci sun yi matashi da ƙullin kayansu, risho da kuloli a lungu. Damina ta dake su, hunturu ya busa su, sauro ya yi ta cizo. Sau da yawa kafin a sallami wanda aka kawo, wanda ya kawo shi ya kwanta.

Farar hula ma ke nan, wanda galibi asibitin na jiharsu ne, yana da ƙanwar uwa a gari, ana kawo masa tuwo da yamma. Soja kuwa aikinsa ya raba shi da gida tun ranar da ya fita daga Depot na Zariya. Sai ka tarar ɗan Argungu ne, bataliyarsa tana Abeokuta inda ya bar mata da 'ya'ya, nakiya ta tashi da motarsu a hanyar Marte, aka kwantar da shi a Kaduna. Ko ɗan Ogoja ne da uwarsa ba ta taɓa ƙetare kogin Binuwai ba, ba ta jin Hausa, ba ta san kowa ba daga Kawo har Kakuri. Wadda za ta taso daga Maiduguri sai ta bi Damaturu da Potiskum ta ratsa Kano da Zariya, tafiyar da ta haura kilomita 800, da goyo a baya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kowa ya san abin da kuɗin mota ya zama.

Kuma raunin yaƙi ba ciwon kwana uku ba ne. Wanda nakiya ta tarwatsa wa ƙafa, ko harsashi ya taɓa masa laka, ko ya ƙone a cikin mota, tiyata ake masa a sake, a jira ƙashi ya haɗe, a shiga gashi, a auna ƙafar roba, a koya masa tsayuwa. Watanni ake yi, wani ya zagayo shekara. Wace matar kurtu ce za ta iya biyan ɗakin otal na wata guda, balle shida? Abin da ake yi sananne ne. Ta ɗauki adashe kafin lokacinta, ta sayar da tunkiya, ta sayar da keken ɗinki ko firjin da take ƙanƙara da shi a kasuwar mami, ta rarraba yara gidajen maƙwabta, makarantarsu ta tsaya. Ta zo ta yi mako biyu ko uku, guzuri ya ƙare, ta koma tana kuka. Lokacin da take komawa kuwa shi ne lokacin da ya fi bukatarta, domin a makonnin farko zafin ciwo ne ya cika masa kai. Sai ciwo ya lafa tunani yake zuwa. A lokacin ne saurayi ɗan shekara 26 yake ɗaga zane ya kalli inda ƙafarsa take a da, ya tuna abokan da aka kwashe gawarsu a gabansa, ya fara firgita cikin barci, ya daina magana da kowa. Likitan ƙwaƙwalwa zai gan shi na ɗan lokaci ya wuce ga na gaba. Mai zama da shi har gari ya waye sai nasa.

A watan Mayun 2024 Yarima Harry na Ingila ya zo Najeriya bisa gayyatar Hedikwatar Tsaro, ya shiga Asibitin 44 ya bi gado gado yana gaisawa da sojojin da suka ji rauni. Duniya ta ga hotunan. Kafin nan, a 2023, Najeriya ta halarci wasannin Invictus na sojoji masu rauni a Dusseldorf ta Jamus a karon farko, inda Peacemaker Azuegbulam, wanda ya rasa ƙafa a yaƙin arewa maso gabas, ya ciyo zinare a ɗaga nauyi. Na ji daɗin wannan ƙwarai, kuma ina yaba wa waɗanda suka buɗe wannan ƙofa. Sai dai kafin mutum ya kai ga tsayawa a filin wasa, akwai watannin da ko zama ba ya iya yi sai an tallafe shi, kuma hannun da ya tallafe shi ba ya fitowa a hoto. Wannan hannun nake nema wa ɗaki.

Abin da nake roƙo an yi shi a wani wuri, an ga amfaninsa shekaru sama da talatin. A Amurka, wata mata mai suna Pauline Trost, matar wani babban hafsan sojin ruwa, ta lura da yadda iyalan sojoji suke isowa asibitin sojin ruwa na Bethesda, kusa da Washington, ba su da hanyar biyan masauki a gari mai tsada. Da mijinta ya zama shugaban rundunar sojin ruwa, maganar ta kai kunnen wani attajiri mai harkar gine-gine a New York, Zachary Fisher. Shi Fisher da aikin birkila ya fara tun yana yaro, kuma raunin da ya samu a ƙafa ne ya hana a ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ya zauna masa a rai. A 1990 shi da matarsa Elizabeth suka ɗauki nauyin aikin daga aljihunsu. A 1991 aka buɗe gida na farko a Bethesda, na biyu kuma a asibitin Walter Reed na sojin ƙasa. Fisher ya rasu a 1999, amma gidauniyar Fisher House tana nan a hannun danginsa. Gidajen yanzu sun haura 90, iyalan da suka sauka a cikinsu sun wuce 400,000, kuma ba a karɓar ko sisi a hannunsu komai tsawon jinyar. Akwai su a Landstuhl ta Jamus, inda aka riƙa sauke sojojin Amurka da suka ji rauni a Iraƙi da Afganistan. A 2013 an buɗe guda mai ɗakuna 18 a jikin asibitin Queen Elizabeth na Birmingham domin iyalan sojojin Birtaniya.

Yadda suka raba aikin shi ne abin da nake so ka duba da kyau. Gwamnati ce take nuna inda ake da bukata ta ba da fili a cikin harabar asibiti. Gidauniya ta tara kuɗin jama'a ta gina, ta zuba kaya, ta miƙa makulli kyauta. Daga nan rundunar soja ko ma'aikatar tsofaffin sojoji ta karɓi gudanarwa, ita ke biyan ma'aikata, ita ke gyara. Manyan gidajen ba su wuce ɗakuna 21 ba. Kowane iyali da ɗakinsa da banɗakinsa, amma madafa ɗaya ce, wurin cin abinci ɗaya, falo ɗaya, kuma da gangan aka yi haka. Matar da mijinta ya shiga tiyata yau za ta haɗu a bakin murhu da wadda nata ya fito watanni uku da suka wuce, ta gaya mata abin da ke gaba, wane likita za ta tambaya, wace takarda za ta riƙe. Mu da muka tashi a gidajen da ake girki a tsakar gida ɗaya ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan amfanin wannan.

Ban kawo misalin Amurka don in ce su suka fi mu tausayi ba. Saukar baƙo a jininmu yake. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun san cewa kowane zango akwai maigidan da zai ba su ɗaki ya adana musu kaya, kuma har gobe a ƙauyukanmu ba a barin matafiyi ya kwana a titi alhali akwai zaure. A addini kuwa maganar a bayyane take. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya shirya mayaƙi a tafarkin Allah ya yi yaƙi, wanda kuma ya kula masa da iyalinsa da alheri a bayansa shi ma ya yi yaƙi. Gonar da Sayyidina Umar ya yi waƙafi da ita a Haibara, cikin waɗanda ya ce a ciyar da amfaninta har da matafiyi da baƙo. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suna karanta a Matiyu sura ta 25 cewa saukar da baƙo da duba marar lafiya suna cikin abin da za a tambayi mutum ranar shari'a. Sojan Najeriya Musa da Emmanuel rami ɗaya suke kwana, nakiya ba ta tambayar sunan kowa, don haka gidan nan na kowa ne. Abin da muka rasa tsari ne da zai ɗauki wannan hali namu ya kai shi ƙofar asibitin soja, inda farar hula ba ya iya kutsa kai ya ce ga ɗaki sai da izininku.

Na san abin da za a fara faɗa maka a ofis: tsaro. Kuma ba zan raina wannan hujja ba. A Kaduna ɗin nan aka kai harin ƙunar baƙin wake hedikwatar Runduna ta 1 a Fabrairun 2012, aka tayar da bam a cocin barikin Jaji a Nuwamban shekarar, aka kutsa makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Agustan 2021. Duk kwamandan da ya yi taka-tsantsan da baƙi yana da gaskiya. Amma masu jinyar nan ai suna zuwa ko an gina ko ba a gina ba. Wanne ya fi sauƙin tsarewa, mutane a warwatse, wasu a tasha, wasu a lungunan unguwa, suna shiga suna fita kullum ba a san inda suka kwana ba, ko mutanen da suke gida ɗaya mai ƙofa ɗaya, kowa da katinsa? Kowane soja ya riga ya rubuta sunan magajinsa a fayil tun ranar da aka ɗauke shi. A ƙara masa layi ɗaya ya rubuta mutum biyu da yake so su yi jinyarsa in ta kama. Likita ya sa hannu cewa jinyar mai tsawo ce, bataliya ta tabbatar da sunan, a ba da kati. Rundunar da ta iya tantance dubban matasa a kowane zangon ɗaukar kurata ba za ta gaza tantance uwa da mata ba.

Na biyu za a ce kuɗi. A kasafin 2025 da Shugaba Tinubu ya gabatar wa majalisa, naira tiriliyan 4.91 aka ware wa tsaro. Na san yawancinsu albashi ne da makamai da mai, kuma ban ce a rage harsashi ko guda ba. Amma gida mai ɗakuna 20 a cikin wannan lissafi ko a jikin kasafin ba zai nuna ba. Rundunar sojin ƙasa tana da injiniyoyinta masu gina hanyoyi da gadoji. Ta gina gidajen saukar baƙi na Command Guest House a garuruwa da dama, ta kafa jami'a a Biu a 2018. Gini ba baƙon abu ba ne a wurinta. In ma an ce a bar kasafi gefe, 'yan ƙasar nan sun nuna suna bayarwa in aka kira su da gaske. A 2014 an kafa asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa ƙarƙashin Janar T. Y. Danjuma, aka tara biliyoyi. A 2020 bankuna da manyan 'yan kasuwa sun haɗu a ƙungiyar CACOVID sun kafa cibiyoyin killace masu korona cikin 'yan makonni. Akwai attajirai a Kano da Legas da Fatakwal da mutum ɗaya zai gina gidan nan shi kaɗai bai ji a jikinsa ba. Akwai kuma 'yan Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sheikh Gumi da za su ɗauki ɗaki ɗaki in aka nuna musu fili aka ce ga shi. A sa sunan mahaifin mai bayarwa a ƙofar, babu laifi, sadaka mai gudana ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne bayan an yanke ƙyalle. Mun iya gini, mun iya bikin buɗewa, riƙo ne yake ba mu wuya. Shekara biyu sai famfo ya ƙafe, injin wuta ya mutu, masai ya toshe, katifu su yi ƙafa. Ko kuma abin da ya fi wannan muni, gidan ya yi kyau har ya fi ƙarfin waɗanda aka gina dominsu: yau baƙin bikin 'yar wani babba, gobe mahalarta kwas, jibi wani hafsa da aka yi wa canjin wurin aiki bai samu kwatas ba ya ce zai ɗan zauna kafin nan, ita kuwa matar kofur ta koma baranda tana hangen fitilar gidan daga nesa. Da a yi haka gara ba a fara ba. Saboda haka tun kafin a haƙa tushe a rubuta doka, da sa hannunka da na Babban Hafsan Tsaro, cewa ba mai kwana a gidan sai mai jinyar wanda ke kwance, kuma abin da za a duba wajen ba da ɗaki shi ne tsananin ciwo da nisan gida. Igiya da tauraro su tsaya a bakin ƙofa. Soja ya saba da bambancin muƙami a komai, har wurin cin abinci, kuma aikin ne ya gaji haka. Amma uwar kanar da uwar kurtu ba su sa kaki ba, naƙuda iri ɗaya suka yi.

Kuɗin gudanarwa kuma kada a jingina shi ga alherin kwamandan da ke kan kujera, domin kwamanda tafiya yake yi. A ba shi layinsa a kasafin asibiti, sannan a haɗa masa da waƙafi: jerin shaguna a bakin titi ko a kasuwar mami da hayarsu za ta riƙa sayen gas da sabulu da gidan sauro. Jihohin Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi da suka san yadda ake rubuta irin wannan ya tsaya a gaban shari'a. Kwamitin amintattu ya ƙunshi likita, da limami, da fasto, da wakilin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, da sojan da shi kansa ya taɓa kwanciya a asibitin, da magajiya. Na nace a kan magajiya domin ita ce ake bugun ƙofarta da tsakar dare, ita ta san wadda mijinta ya daina aiko kuɗi da wadda ba ta da zanen canji. Kowace shekara a manna lissafin shiga da fita a allon sanarwa, a sa shi a intanet, wanda ya ba da naira dubu ya ga inda ta shiga.

Ginin kansa a yi shi da sanin mutanen da za su zauna. Ɓangaren mata daban, na maza daban, domin akwai iyaye maza da ƙanne, akwai kuma mazajen sojoji mata. A yi tsakar gida da inuwa, da wurin shanya, da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da ƙofofi masu faɗin da keken guragu zai shiga, don marar lafiyan da ya fara samun sauƙi a turo shi ya ci tuwon gidansu cikin 'ya'yansa. A ware ɗaki ɗaya inda nas za ta riƙa koya wa mata wankin ciwo da kula da dungun ƙafa kafin a sallame su, a kuma gaya musu gaskiya a kan firgita da saurin fushi da ƙin barci, su san ciwo ne mai magani, kada a tafi gida a ce aljanu ne ko a ce ya canza hali, aure ya mutu a banza. A zaunar da magatakarda guda mai haƙuri da zai taimaka da takardun hukumar likitoci da na inshora da na fansho, domin yawon ofis ofis yana karya mai jinya kamar yadda rashin barci yake karya shi. Batun mota ma yana da mafita. A Amurka mutane suna sadaukar da makin da kamfanonin jirgi ke ba su saboda yawan tafiya, a saya wa iyalan sojoji tikiti da shi. Mu a nan, gwamnonin da ke da Borno Express da Kano Line da Yankari Express, da hukumar jirgin ƙasa mai zuwa Rigasa, za su iya ba da kujera kyauta ga duk mai riƙe da katin jinya, in ka nema.

Kada kuma a manta da 'yan mazan jiya. Waɗanda suka je Laberiya a 1990 da Saliyo bayanta, da na Bakassi da Darfur, yau tsofaffi ne masu fama da hawan jini da ciwon suga da ƙoda da ciwon mafitsara. Ƙalilan da suka rage daga yaƙin basasa sun haura saba'in da yawa. Inshorar lafiyar sojoji ta DHML magani take biya, ba ta san da tsohuwar da ta rako mijinta daga Zuru ko Numan ba, ita ma da nata ciwon gwiwar. Mun ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Mutumin da sai ya yi haka kafin a biya shi ba shi da kuɗin otal. Duk wanda ya taɓa sa kakin ƙasar nan ya ajiye shi da mutunci, iyalinsa su sami ɗaki daidai da na wanda ke bakin aiki.

Lokacin da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta jihar Delta a Maris ɗin 2024, Shugaban Ƙasa ya je maƙabartar sojoji ta Abuja da kansa, ya ba da lambobin girma, ya yi alkawarin gidaje ga iyalansu da karatun 'ya'yansu. Daidai ne, sun cancanci fiye da haka. Kowace 15 ga Janairu kuma ana ajiye furanni, a saki tattabaru, gwamnoni su sayi tambarin tunawa da mazan jiya da miliyoyi. Wannan duk na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne, Allah ya jiƙansu. Wanda ya dawo da rai amma ba da dukkan jikinsa ba, shi yana nan yana ji yana gani, kuma na tsaye a bakin daga suna lura da yadda ake yi da shi. Waya ce a hannun kowa. Sojan da ya ji cewa matar abokinsa tana kwana a kan kwali ya san inda tasa za ta kwana, kuma da wannan tunanin zai hau mota gobe in an ce a fita sintiri.

Ga uwayenmu na ƙungiyoyin matan sojoji, NAOWA da NASWA da DEPOWA, kun gina makarantu da wuraren koyon sana'a, kuna kai ziyara asibiti da kayan abinci lokacin salla da Kirsimeti, Allah ya saka da alheri. Ku kuka fi kowa kusa da kunnen masu yanke hukunci. A Amurka ma matar hafsa ce ta fara ganin abin ta faɗa.

Ranka ya daɗe, abin da ke hannunka ba ya bukatar zaman majalisa. Ka umarci a auna fili a cikin harabar Asibitin 44 ko a jikin katangarsa, ka sa a rubuta dokar gidan, ka naɗa amintattu, ka buɗe asusun da jama'a za su iya gani. Kafin ginin ya tashi, a kama gida haya kusa da asibitin ko a ware wani ɓangare na gidan baƙin runduna, masu jinyar da ke can yanzu su shiga. Ina roƙon a ranar 15 ga Janairu mai zuwa, bayan an ajiye furanni, ka sanar da inda filin yake da ranar da za a fara aiki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya dawo da na bakin daga gida lafiya.

Naka cikin girmamawa,
Ɗan wani tsohon saje,
daga Zariya.